Kiran Sakin Ƙwallo: Yadda Masu Tsaro Ke Gane Alamun Abokan Karawa a Wasan Jami'o'in Amurka

Ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta fi kama da zari-ruga a kan tamaular da aka sani a Najeriya, kuma ba a jere ake buga ta ba. Yanki-yanki ake yin ta. 'Yan wasa 22 za su jeru fuska da fuska, 11 a kowane ɓangare, su tsaya cik, sannan a saki ƙwallo, a yi artabu na 'yan daƙiƙoƙi, alƙalin wasa ya busa usur, a sake jeruwa. Wannan sakin ƙwallon, wanda Amurkawa ke kira "sinaf", shi ne mabuɗin kowane yunƙuri. Ɗan wasan da ke tsakiyar sahun gaba ne yake duƙawa a kan ƙwallon, ya miƙa ta ta tsakanin ƙafafunsa zuwa ga madugun masu kai hari, wato kwatabak. Masu kai hari su kaɗai ne ya kamata su san daidai lokacin da hakan zai faru. Idan alamar da suke bai wa juna ta zama abin da kowa zai iya hasashe, to masu tsaro sun raba wannan sani da su, kuma a wasan jami'o'i hakan na faruwa fiye da yadda masu horarwa ke son amincewa.

Asalin lamarin

An buga wasan farko tsakanin jami'o'i a ranar 6 ga Nuwamban 1869, tsakanin Rutgers da Princeton, amma wasan na wancan lokaci bai yi kama da na yau ba. Walter Camp na Jami'ar Yale ne ya kawo sauyin da ya raba shi da zari-ruga a 1880, inda aka daina turereniya a kan ƙwallo, aka mallaka ta ga ɓangare guda ya fara da ita daga layin da aka tsaya. Da farko ma da ƙafa ake tura ta baya, kafin daga bisani a koma amfani da hannu. A 1882 aka ƙara ƙa'idar ƙidayar yunƙuri. A yau filin yadi 100 ne, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe inda ake cin maki, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu domin ta ci yadi 10. In ta ci, a ba ta wasu huɗun. In ta gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa.

Dokar ta raba wa ɓangarorin biyu nauyi iri daban-daban. Masu kai hari dole su tsaya ba motsi na tsawon daƙiƙa guda kafin a saki ƙwallo, ban da mutum ɗaya da aka yarje wa ya yi tafiya a baya, muddin ba gaba ya nufa ba. Ɗan sahun gaba da ya dafa ƙasa, in ya zabura kafin lokaci, ya jawo wa ƙungiyarsa tarar komawa baya yadi 5. Masu tsaro kuwa suna da 'yancin kai-komo yadda suka ga dama, sai dai kada saki ya same su a cikin ɗan tsakanin da ke raba sahu biyu, wanda faɗinsa tsawon ƙwallon ne kawai. Wanda aka kama a ciki ya yi satar gida, shi ma tarar yadi 5 ce. Ke nan ɓangare ɗaya yana da ƙafa amma ba shi da labari, ɗayan yana da labari amma an ɗaure masa ƙafa. A kan wannan ma'auni aka gina wasan gaba ɗaya.

Abin da ake takara a kansa ƙanƙane ne ƙwarai. Mutum lafiyayye yana buƙatar kimanin kashi biyu cikin goma na daƙiƙa tsakanin ganin abu da fara motsi. A tseren gudu, Hukumar Wasannin Guje-guje ta Duniya tana ɗaukar duk wanda ya tashi cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan ƙarar bindiga a matsayin wanda ya yi hasashe, ba wanda ya ji ba. Ɗan tsaron da ya jira sai ya ga ƙwallo ta motsa, to ya fara a makare da wannan ɗan lokaci, kuma mai tare shi ya riga ya ɗaga ƙafa ya kafa dugadugi. Wanda ya san lokacin kuwa tare suke tashi da ƙwallon. Madugu yana da kamar daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin ya jefa ƙwallo ko a cim masa. A cikin wannan ƙunci, taku ɗaya da ɗan tsaro ya sata shi ne bambanci tsakanin jifa mai kyau da madugu kwance a ƙasa, wani lokacin ma da rauni, musamman idan ta bayansa aka zo masa inda idonsa ba ya gani.

Yadda ake kiran

Hanyar gargajiya ta murya ce. 'Yan wasa su taru a da'ira, madugu ya faɗa musu dabarar da za a yi, ya kuma faɗa musu a kira na nawa za a saki ƙwallo: na ɗaya, na biyu ko na uku. Idan an jeru, sai ya ambaci launi da lamba, waɗanda sau da yawa ba su da wata ma'ana sai in an yi niyyar sauya dabara, sannan ya yi wata gajeriyar tsawa mai kama da "hat". In an ce a kira na biyu, kowa ya bar ta farko ta wuce.

Ita kanta da'irar shawarar tana da tarihi mai alaƙa da wannan batu. Ana danganta ta ga Paul Hubbard, madugun Jami'ar Gallaudet ta kurame da ke birnin Washington, a shekarun 1890. Da yake da hannu suke magana, duk abokin karawar da ya iya yaren kurame yana iya karanta shirinsu daga nesa, don haka Hubbard ya sa 'yan wasansa su kewaye shi su juya wa duniya baya. Shekaru da dama bayan haka jami'ar ta riƙa amfani da wata ƙatuwar ganga a gefen fili, 'yan wasa na jin girgizarta a jikinsu suna ƙidaya bugun kafin saki.

Ƙwararren madugu yana mayar da muryarsa makami. Akwai abin da ake iya kira kiran yaudara, inda zai ɗaga murya a tsawar da ba ita ce ta gaskiya ba, domin ɗan tsaro mai zumuɗi ya faɗo cikin tsakani. Aaron Rodgers, wanda ya yi karatu a Jami'ar California kafin ya shahara a Green Bay Packers, ya yi suna a wannan. Idan ya ga wani ya tsallako, sai a saki ƙwallo nan take, ya jefa ta can nesa ba tare da fargaba ba, domin ya san ko an cafe ta, tarar satar gida za ta soke asarar. Peyton Manning, tsohon ɗan Jami'ar Tennessee, ya sa kalmar "Omaha" ta zama abin magana a duk faɗin Amurka a watan Janairun 2014, saboda yawan maimaita ta da ya yi a gaban makirufon talabijin. Bayan ya yi ritaya ya bayyana cewa kalmar tana sanar da abokansa ne cewa an sauya dabara kuma saki ya kusa. Amma bai bari ta zama agogon da masu tsaro za su saita kansu da shi ba: wani lokaci ƙwallo ta biyo bayanta nan take, wani lokaci kuma a bar su da zabura a banza.

Inda murya ba ta aiki

Matsalar wasan jami'o'i ita ce filayensa. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum 107,601, kuma na Penn State, Ohio State, Texas A&M, LSU da Tennessee duk sun haura 100,000. 'Yan kallon gida sun san aikinsu: su yi tsit idan ƙungiyarsu ce ke kai hari, su ɓarke da ihu idan baƙi ne ke riƙe da ƙwallo. A 2019, da Michigan ta je Penn State, hayaniyar ta kai ga sai da ta nemi a tsayar da agogo tun kafin ta buga yunƙurinta na farko. Magoya bayan Mississippi State suna zuwa da ƙararrawar da ake rataya wa shanu, abin da ya sa gasar SEC ta kafa ƙa'idar cewa dole su daina kaɗawa da zarar mai saki ya duƙa a kan ƙwallo. Ko a matakin ƙwararru hayaniya na yin ɓarna. A wasan ƙarshe na Super Bowl na ranar 2 ga Fabrairun 2014, yunƙurin farko na Denver Broncos ya tashi a tutar babu, domin mai saki ya wurga ƙwallo yayin da Manning ke matsowa gaba zai sauya dabara, ta wuce ta gefen kansa, Seattle ta samu maki biyu cikin daƙiƙa 12, ta kuma ƙare da nasarar 43 da 8.

Sauyin salon wasa ya ƙara tsananta lamarin. A da, madugu yana manne da mai saki, hannayensa a ƙarƙashinsa, muryarsa a kunnen sahun gaba. Yanzu mafi yawan ƙungiyoyin jami'o'i suna tsayar da shi yadi huɗu ko biyar a baya, a wurgo masa ƙwallo a iska. Daga wannan nisa, a cikin ihun mutum dubu ɗari, murya ba ta isa. Saboda haka aka koma ga alamu: madugu ya ɗaga ƙafa, ko ya miƙa hannu ƙasa, mai saki yana leƙensa ta tsakanin ƙafafu, ko kuma ɗan wasan da ke kusa da mai saki ya waiwaya ya ga alamar, ya taɓa shi a cinya. Daga nan mai saki ya ɗaga kai, ya yi ƙidaya a zuci, ya saki. Ana danganta gyara wannan ƙidayar zuci ga Howard Mudd, mai horar da sahun gaba na Indianapolis Colts, a ƙarshen shekarun 1990. Wata hanyar ita ce tafi, wanda Ohio State ta yayata a zamanin koci Urban Meyer, saboda ƙarar tafin hannu tana ratsa hayaniya fiye da muryar mutum.

Aibin waɗannan hanyoyi a fili yake. Abin da aka raɗa a da'ira sirri ne. Ƙafar da aka ɗaga kowa na ganinta, tafin da aka yi kowa na jin sa. Haka kuma 'yan sahun gaba da ke can gefe, waɗanda su ne ke fuskantar mafi saurin 'yan tsaro, ba su da abin dogaro sai su riƙa satar kallon ƙwallo ta wutsiyar ido, daidai yadda abokin karawarsu ke yi. Fifikon da doka ta ba su ya tafi ke nan tun kafin a taɓa juna. Wannan na daga cikin manyan dalilan da suka sa wasa a gidan wani yake da wuya a wannan gasa.

Abin da masu tsaro ke nema

Aikin yana farawa ne a ɗakin kallon bidiyo, kwanaki kafin wasa. Hoton da masu horarwa ke musaya a tsakaninsu ana ɗaukarsa daga sama, yana nuna 'yan wasa 22 duka, amma galibi ba shi da sauti, don haka sukan haɗa da na talabijin domin su ji kiran madugu. Tambayoyin da suke yi masu sauƙi ne. Shin tsakanin ɗaga kan mai saki da motsin ƙwallo lokaci ɗaya ne kullum? Shin ana taɓa yin tafi biyu, ko kuwa na farko ne ko da yaushe? Idan ɗan wasa ya taho a guje ta bayan sahu, a wane wuri yake kaiwa ake saki? Akwai masu sakin da ke matse ƙwallo ko su ɗan sunkuyar da ƙugu kafin su wurga, ba tare da sun san suna yi ba. Akwai madugun da ke buɗe tafin hannayensa sai lokacin da ƙwallon gaske za ta zo. Mai tsaron raga da ya nazarci yadda ɗan wasa ke ajiye ƙafarsa kafin bugun fenariti zai gane irin wannan karatu.

Agogo ma yana tona asiri. Tun 2008 ƙungiya tana da daƙiƙa 40 daga ƙarshen yunƙuri zuwa sakin na gaba, kuma agogon a rataye yake kowa na gani. Ƙungiyar da ke kan gaba tana son cinye lokaci takan jira har ya rage daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma a nan ba sauran yaudara: ko ta saki, ko ta sha tara. A ɗaya gefen kuma akwai masu gaggawa. Salon da Chip Kelly ya shahara da shi a Oregon tsakanin 2009 da 2012, da na Gus Malzahn a Auburn, ya watsar da da'irar shawara, ana ɗaga alluna masu hotuna daga gefen fili, a jeru a saki kafin masu tsaro su numfasa. Saurin ya dami wasu masu horarwa har aka gabatar da ƙudurin hana saki a cikin daƙiƙa 10 na farko a 2014, wanda Nick Saban na Alabama ya goyi baya, amma aka janye shi. Sai dai mai gaggawa ba shi da lokacin wasa da murya. Kusan kullum a alamar farko yake saki, kuma ɗan tsaron da ya jure gajiyar yana iya kama kiɗan bayan 'yan yunƙuri.

Fa'idar ba ta tsaya ga saurin tashi ba. Masu tsaro suna son ɓoye tsarinsu har zuwa ƙarshe: su nuna kamar za su yi farmaki da mutum shida, sannan biyu su ja da baya, ko sahunsu ya gusa gefe bayan masu kai hari sun riga sun raba wa kowa wanda zai tare. Duk wannan yana buƙatar sanin lokaci. In suka sauya da wuri, madugu ya gani ya sauya dabara. In suka makara, saki ya same su ba a wurarensu ba. Ƙungiyar da kiranta ba ya canzawa ta ba su damar yin sauyin a daidai daƙiƙar da ba za a iya mayar musu da martani ba. Masu horarwa da yawa suna ganin wannan ya fi tsallen mutum ɗaya illa, domin yana shafar kowane yunƙuri, ko da 'yan kallo ba su lura ba.

Misalin da aka fi tunawa a wasan jami'o'i ya faru ne a 1998, a karawar Penn State da Illinois. Illinois na kan yunƙuri na huɗu, tana neman ɗan abin da bai wuce yadi guda ba. LaVar Arrington ya taho a guje daga baya, ya daka tsalle ta saman sahun gaba daidai lokacin da ƙwallo ta motsa, ya sauka a kan mai ɗaukar ƙwallon kusan tare da isarta hannunsa. Da ya riga saki da ƙiftawar ido, da tarar yadi 5 ta bai wa Illinois abin da take nema kyauta. Arrington ya zama na biyu a zaɓen sabbin 'yan wasa na gasar NFL a 2000. Troy Polamalu, tsohon ɗan Jami'ar Southern California, ya yi makamancin haka a 2010 yana Pittsburgh Steelers, inda ya tsallake sahun Tennessee Titans ya kayar da madugu Kerry Collins a bakin layin ci.

Bugun ƙafa ya fi kowane yanayi faɗawa wannan tarko, saboda mutum uku ne ke maimaita motsi ɗaya sau ɗaruruwa har ya zame musu jiki: mai saki, mai dasa ƙwallo, da mai bugu. Daga saki zuwa bugu bai cika wuce daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba. A watan Satumban 2023, Brenden Schooler na New England Patriots ya taho a guje daga gefen fili, yana bin layi, ya karkato ciki daidai kan saki ya tare bugun Miami Dolphins. Masu sharhi ba su manta da ambaton cewa mai dasa ƙwallon Miami a ranar, Jake Bailey, tsohon ɗan wasan New England ne ba. A matakin jami'a, hukumar NCAA ta haramta wa mai tahowa a guje tsallake sahu a lokacin irin wannan bugu tun 2017.

Tafin ƙarya da satar alamu

Idan masu tsaro sun san alamar, suna iya kwaikwayonta. A watan Oktoban 2014, bayan Michigan State ta doke Nebraska da 27 da 22, kocin Nebraska Bo Pelini ya yi ƙorafin cewa 'yan tsaron abokan karawa suna tafi domin ruɗa mai sakinsa ya wurga ƙwallo kafin madugu ya shirya. Ɓangaren Michigan State ya ce tafin na daga cikin hanyoyin da 'yan tsaronsu ke yi wa juna ishara. Dokar NCAA ta daɗe da hana masu tsaro yin kalma ko sautin da ke kwaikwayon kiran masu kai hari, amma tabbatar da niyya a cikin hayaniya aiki ne mai wuya ga alƙali. A gyaran dokokin 2025 an fayyace rabon: tafi na masu kai hari ne, masu tsaro ba za su yi shi ba, su kuma an keɓe musu kalmomi biyu na Turanci da suke amfani da su wajen umartar sahunsu ya matsa ko ya sauya wuri.

Akwai wani batu na kusa da wannan, wanda bai kamata a gauraya su ba. Gane lokacin saki daban, gane dabarar da za a yi daban. Karanta alamun da ake yi daga gefen fili da ido a lokacin wasa ba laifi ba ne. Abin da NCAA ta hana tun 1994 shi ne tura mutum ya je wasan abokin karawa na gaba domin leƙen asiri. A kan wannan ne rikicin Michigan ya ɓarke a watan Oktoban 2023, lokacin da aka zargi wani ma'aikacinta, Connor Stalions, da shirya mutanen da ke zuwa filaye suna ɗaukar alamun wasu ƙungiyoyi. Gasar Big Ten ta dakatar da koci Jim Harbaugh na wasa uku, amma Michigan ta ci gaba ta lashe kofin ƙasa a ranar 8 ga Janairun 2024, da ci 34 da 13 a kan Washington. A watan Agustan 2025 NCAA ta ci jami'ar tara mai nauyi. Kafin nan, a 2024, an amince wa manyan jami'o'i su sa na'urar magana a hular kwanon ɗan wasa ɗaya a kowane ɓangare, abin da NFL ke yi wa madugai tun 1994. Na'urar ta rage buƙatar alluna da ishara, sai dai ana katse ta idan daƙiƙa 15 suka rage a agogo, kuma mutum ɗaya kawai take yi wa magana. Sauran goman har yanzu suna jiran tafi ko ɗaga ƙafa.

Dalilin da ya sa ba a cika canzawa ba

Maganin sananne ne, kuma kowane koci ya san shi. A yi tafin banza, a dakata, a ga abin da masu tsaro suka fallasa, sannan a yi na gaske. Mai saki ya ɗaga kai sau biyu a maimakon ɗaya, ko ya canza tsawon ƙidayarsa daga zango zuwa zango. A saki wani lokaci a sautin farko, kafin kowa ya zata. Ɗan tsaron da aka kama da satar gida sau biyu yakan koma jiran ƙwallo da ido har ƙarshen wasa.

Abin da ke hana ruwa gudu shi ne tsoron kuskuren gida. 'Yan wasan jami'a matasa ne, mafi yawansu tsakanin shekara 18 da 23, kuma ƙa'idar NCAA ta taƙaita ayyukan wasa na tilas zuwa awa 20 a mako a lokacin kaka. Tun da aka buɗe rajistar sauya sheƙa a 2018, sahun gaba na iya canza fuska kowace shekara, alhali wannan sahu na mutum biyar yana buƙatar sabo fiye da kowane sashe. Ɗan wasan da ke tunanin wanda zai tare, ga gajiya, ga ihu, yana iya manta cewa an ce a kira na biyu. Zabura ɗaya ta mayar da neman yadi 10 ya zama 15, kuma kowa a filin ya ga wanda ya yi laifin. Taku ɗaya da ɗan tsaro ke sata a kowane yunƙuri kuwa ba ya fitowa a takardar ƙididdiga. Gaba kura baya sayaki ne, kuma masu horarwa da yawa sukan zaɓi asarar da ba a gani. Lissafin yana da rauni, domin a kan ƙungiya mai ƙwararrun masu farautar madugu, asarar da ba a gani ita ce ta fi tsada.

Daga cikin waɗanda suka ci moriyar wannan sashe na wasan akwai 'yan asalin Afirka ta Yamma da dama, waɗanda suka yi fice a sahun tsaro. Osi Umenyiora, wanda aka haifa a Landan ga iyaye 'yan Najeriya, ya yi wasa a Jami'ar Troy, ya ci Super Bowl sau biyu da New York Giants, ya kuma kayar da madugun Philadelphia Eagles sau shida a wasa guda a 2007. Saurin tashinsa a kan saki na daga cikin abin da aka san shi da shi. Amobi Okoye, haifaffen Anambra, ya fito daga Jami'ar Louisville aka zaɓe shi na goma a 2007 yana ɗan shekara 19. Emmanuel Ogbah, haifaffen Legas, ya bi ta Oklahoma State, David Ojabo ya bi ta Michigan, shi kuma Ezekiel Ansah na Ghana, wanda bai fara wasan ba sai da ya shiga Jami'ar Brigham Young, ya zama na biyar a zaɓen 2013. Masu zaɓen 'yan wasa suna kallon takun farko na irin waɗannan matasa a hankali, suna ƙoƙarin rarrabe wanda ƙafarsa ce ke da sauri da wanda ya dai haddace kiran abokan karawarsa na jami'a, domin a NFL zai haɗu da madugan da ke canza kira da gangan domin su kama shi.

A Gallaudet, inda ɓoye alamu ya samo asali, an gwada wata sabuwar hular kwano a watan Oktoban 2023, wadda aka ƙera tare da kamfanin AT&T. Koci yana zaɓar dabara a kwamfutar hannu daga gefen fili, ita kuma ta bayyana a wani ƙaramin gilashi da ke gaban idon madugu.